Kafin a gayyato jiragen yaƙin waje, a tambayi mutanen Raƙƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in amsa wa marubucin da ya yi sharhi a shafinku na ra'ayi kwanakin baya, wanda ya ce maganin 'yan ta'addan da suka addabe mu shi ne a buɗe wa jiragen yaƙin manyan ƙasashe sararin samaniyarmu, su yi musu irin abin da aka yi wa ISIS a Iraƙi da Siriya. Tun bayan harin da Amurka ta kai Jihar Sakkwato a daren Kirsimetin 2025 maganar nan ta zama ruwan dare a majalisu da teburin mai shayi. Ban ga laifin masu faɗinta ba. Wanda aka sace masa ɗa, ko ya sayar da gonar gado ya biya kuɗin fansa, ko aka raba shi da garinsu yana kwana a makarantar firamare da iyalinsa, in ya ce a kira ko waye ya zo, uzurinsa a fili yake. Sai dai marubucin rabin labarin yaƙin ISIS ya bayar, kuma rabin da ya tsallake shi ya fi shafar mu.

Bari in fara da inda bakinmu ya zo ɗaya. ISIS ba ta cancanci tausayin kowa ba. A watan Yunin 2014 ta yi wa matasa masu koyon aikin soja kusan 1,700 kisan gilla a Tikrit. A watan Agusta ta afka wa Yazidawa a Sinjar, ta kashe maza, ta kwashi mata da 'yan mata tana cinikinsu. Matuƙin jirgin Jodan, Mu'az al-Kasasba, a keji ta saka shi ta cinna masa wuta da ransa, sannan ta watsa bidiyon a Fabrairun 2015. Mafi yawan waɗanda ta kashe kuwa Musulmi ne, har da limaman da suka ƙi yi wa shugabanta Abubakar al-Baghdadi mubaya'a. A Satumban 2014 malamai da shugabannin Musulmi sama da 120 sun sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙar da ta rusa hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar yana cikinsu. Don haka kada wani ya karanta wasiƙar nan ya ce malam ya zo kare Khawarijawa.

Jiragen kuma sun yi aiki. Lokacin da Amurka ta fara kai hari ranar 8 ga Agustan 2014, mayaƙan ISIS suna dab da Arbil, babban birnin yankin Kurdawan Iraƙi, sojojin Iraƙi kuwa wata biyu kafin nan sun tuɓe kaki sun bar musu Mosul da motoci da makamai. A ƙarshen Satumba aka faɗaɗa hare-haren zuwa Siriya, da jiragen Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jodan da Bahrain a ciki. Ba don jiragen ba, da garin Kobani na Kurdawan Siriya ya faɗi. Daga ƙarshen 2015 aka koma kan aljihun ƙungiyar, ana ƙona tankokin man da take safara, ana rusa gidajen da take jibge tsabar kuɗi a Mosul, har ta kai ga rage albashin mayaƙanta zuwa rabi.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Babu gari ko ɗaya da jirgi ya karɓe. Mosul wata tara aka yi ana gwabzawa, daga 17 ga Oktoban 2016 zuwa Yulin 2017, gida-gida, a lungunan tsohon gari da mota ba ta shiga, kuma 'ya'yan Iraƙi ne suka yi wannan aikin da jininsu: rundunar yaƙi da ta'addanci, da 'yan sandan tarayya, da Kurdawan Peshmerga da mayaƙan sa-kai da suka tare hanyoyin wajen gari. A Siriya, dakarun SDF na Kurdawa da Larabawa sun ce sun rasa mayaƙa kusan 11,000. Shi kansa Baghdadi ba bom ne daga sama ya gama da shi ba. Sojoji ne suka sauka da ƙafarsu a ƙauyen Barisha a Oktoban 2019, ya tayar da jigidar bom ɗin da ke jikinsa. Marubucin bai gaya mana wa zai shiga dajin bayan ƙurar bom ta lafa ba, wa zai kwana a ƙauyen, wa zai tsaya ranar kasuwa, wa zai raka manomi gona da damina. In babu wannan, gobe waɗanda suka tsere za su dawo, kuma farkon wanda za su nema shi ne wanda suke zargin ya tsegunta maɓoyarsu.

Ni malamin Larabci ne, kuma a Dimashƙa na yi karatu tun kafin yaƙi. Abokin ɗakina mutumin garin Raƙƙa ne, a arewacin Siriya. Wani hutun ƙaramar salla ya ja ni gidansu. Gari ne shimfiɗaɗɗe a bakin kogin Furat, mai zafi da ƙura, na manoma auduga da alkama. Mahaifinsa, dattijo mai jan rawani, ya kama hannuna ya kai ni Ƙofar Bagadaza, ragowar ganuwar zamanin Abbasiyawa, yana ta alfaharin cewa Halifa Haruna Rashid ya bar Bagadaza ya zo ya zauna a garinsu. Da la'asar sakaliya iyalai kan tsallaka tsohuwar gada su shimfiɗa darduma a bakin ruwa, a ɗora shayi mai kaurin sukari, yara na ninƙaya. Mahaifiyarsa ba ta taɓa barin kwanona ya yi ƙasa ba, ina cewa na ƙoshi tana cewa ɗan mutane ya zo daga ƙasa mai nisa, ba za a ce an mayar da shi da rama ba. Wannan garin ne ISIS ta mayar hedikwatarta a 2014, ta riƙa kafa kawunan mutane a kan ƙarafan shataletalen Na'im, inda da can ake kai yara shan askirim.

Abokin nawa ya samu ya fice zuwa Turkiyya da matarsa da 'ya'yansa, amma ya bar dangi a baya. A 2017 mun riƙa magana ta WhatsApp, yawanci da dare bayan ya tashi daga aikin leburancin da ya koma yi, mutumin da ya haddace Alfiyya, littafin nahawun Larabci. Abin da ya riƙa gaya mini shi ne babu hanya. In ka ce za ka fita, ISIS ta dasa nakiyoyi a bakin gari, maharbanta kuma na harbin duk wanda suka ga ya nufi waje, don su mutane suke so su zame musu garkuwa. In ka ce za ka zauna, ba ka san ko mayaƙi ya hau rufin gidanku cikin dare ba, kai kana ƙasa da 'ya'yanka, na sama kuma shi kaɗai yake gani. In ka ce za ka bi ta ruwa, tun watan Fabrairu an karya gadojin garin biyu, sai kwale-kwale, kuma kwamandan dakarun ƙawancen ƙasashen da Amurka ke jagoranta na lokacin, Janar Stephen Townsend, ya faɗa da bakinsa cewa duk kwale-kwalen da suka gani harbinsa suke yi. Danginsa sun yi ta ƙaura daga gida zuwa gida a cikin gari, suna bin inda ƙarar ta yi sauƙi. Gidan da na sha shayi a cikinsa ya zama tarin ƙasa da rodi. Na tambaye shi jirgin wa ne. Ya ce mini: "Ya akhi, garin nan jirgin gwamnati ya buge shi, na Rasha ya buge shi, na ƙawance ya buge shi. Wanda ke ƙarƙashin bene ba ya duba tuta."

Daga 6 ga Yuni zuwa 17 ga Oktoban 2017 aka yi yaƙin Raƙƙa. Da aka gama, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na garin ba ya zaunuwa. Ba jirage kaɗai ba, sojojin Amurka sun harba harsasan igwa kimanin 30,000 cikin garin, makamin da ba ya bambance gida da gida. Filin ƙwallo da wuraren shaƙatawa sun koma maƙabartu, don babu mai iya kai gawa bayan gari. Akwai iyali ɗaya da ya rasa mutum 39 a hare-hare daban-daban yana gudu daga unguwa zuwa unguwa. Wani abin takaicin, bayan duk wannan ɓarnar, a kwanakin ƙarshe sai aka ƙulla yarjejeniya aka bar ɗaruruwan mayaƙan ISIS suka fita a jerin gwanon manyan motoci da iyalansu da makamansu. BBC ce ta tona wannan a watan Nuwamban shekarar. Mayaƙi ya samu motar fita, tsohuwar da ba ta ci ba ta sha ba tana ƙarƙashin ɓaraguzai.

Yanzu ga inda nake so mai sharhin ya tsaya ya yi tunani, wato lissafin gawa. A Afrilun 2019 ƙungiyar Amnesty da Airwars mai bin diddigin hare-haren sama, bayan sun bi wuraren da aka kai hari suna tambayar waɗanda suka tsira, sun ce hare-haren ƙawancen sun kashe fararen hula sama da 1,600 a Raƙƙa kaɗai, kuma sun kawo sunayen kusan 1,000. A lokacin ƙawancen 159 ya amsa. A yaƙin gaba ɗaya, inda aka kai hare-hare sama da 34,000, ƙawancen ya amince da kashe fararen hula 1,400 da 'yan kai, Airwars kuma ta ce adadin yana tsakanin 8,000 da 13,000. A Mosul, binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya gano fararen hula 9,000 zuwa 11,000 ne suka mutu a wata taran nan, kuma aƙalla 3,200 daga cikinsu wutar ƙawancen da ta sojojin Iraƙi ce ta ci su. Wannan tazarar ba kuskuren lissafi ba ce. Mai jefa bom shi ne mai bincikar kansa, kuma yawanci daga hoton sama yake binciken, bai je ya tambayi maƙwabci ba, bai je maƙabarta ba. Kyamara tana ganin rufin gida, ba ta ganin mutum talatin da suka ɓuya a ɗakin ƙasa.

Dubi abin da ya faru a unguwar Jadida ta Mosul ranar 17 ga Maris 2017. Maharba biyu ne a saman wani gida. Aka jefa bom, gidan ya rufta, Amurka da kanta ta amsa cewa fararen hula 105 sun mutu, ta ce abubuwan fashewar da ISIS ta ajiye a gidan ne suka tashi. A ce haka ne. Amma ai hukumomin Iraƙi ne suka ce wa mutanen Mosul su zauna a gidajensu kada su fito, suka zauna. Ko garin Hawija na Iraƙi, a farkon Yunin 2015: jirgin Holan ya bugi wata masana'antar haɗa motocin bom ta ISIS, unguwa guda ta tashi, aƙalla mutum 70 suka mutu. Sai a Nuwamban 2019 gwamnatin Holan ta amsa cewa jirginta ne, bayan 'yan jarida sun bankaɗo. Fiye da shekara huɗu ke nan mutanen Hawija ba su san ma ƙofar da za su buga ba. Holan kuwa ƙasa ce mai majalisa mai haƙori da jaridu masu bin diddigi. Haka harin Baghuz, tungar ISIS ta ƙarshe a Siriya, na 18 ga Maris 2019, wanda ya faɗa kan taron da ke cike da mata da yara, ya kwanta a cikin fayil har sai da jaridar New York Times ta fito da shi a Nuwamban 2021, sannan rundunar Amurka ta ce mutum 80 ne suka mutu.

Sai batun gyara. Masu jirage ba su ne masu gini ba. A taron Kuwait na Fabrairun 2018 Iraƙi ta ce tana buƙatar dala biliyan 88 don sake gina abin da yaƙin ya rusa, aka yi mata alkawarin kusan biliyan 30, mafi yawa bashi da zuba jari. Masallacin Nuri na Mosul, inda Baghdadi ya hau mumbari a Yulin 2014, wanda ISIS ta tarwatsa da hasumiyarsa mai karkata a Yunin 2017, sai a 2025 aka kammala gyaransa, shi ma don UNESCO ta tsaya a kai, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta zuba kuɗi. Masallaci mai tarihin ƙarni takwas ke nan da duniya ta san da zamansa. Gidan talaka fa? Abokina da ya leƙa Raƙƙa bayan yaƙin ya ce mutane da kuɗinsu suke ɗaukar wanda zai duba musu gida, don ISIS ta bar nakiya a bayan ƙofa, da cikin firji, da ƙarƙashin katifa. Iraƙi tana da man da ya fi namu, ga yadda ta kaya. Ƙaramar hukuma a Zamfara ko Borno da ko albashi da ƙyar take biya, wa zai gina mata?

Akwai kuma abin da ya riga 2014, wanda mai sharhin bai taɓo ba sam. Ƙungiyar nan an sha kashe shugabanninta. Abu Mus'ab al-Zarƙawi, wanda ya kafa tushenta a Iraƙi, bom ɗin jirgin Amurka ne ya kashe shi a Yunin 2006. Magadansa biyu an kashe su rana ɗaya a Afrilun 2010. Abin da ya durƙusar da ita a wancan lokacin shi ne ƙabilun lardin Anbar na Iraƙi da suka gaji da ita suka juya mata baya, suka kafa dakarun Sahwa. Da gwamnatin Nuri al-Maliki ta yi watsi da waɗannan mutanen, ta hana da yawansu aikin da aka yi musu alkawari, ta riƙa kame 'yan Sunni tana tsarewa, ta buɗe wuta kan masu zaman dirshan a Hawija a Afrilun 2013, sai ƙungiyar ta samu ƙofa, ga yaƙin Siriya ya buɗe mata iyaka. Shi ya sa mayaƙa 'yan ƙalilan suka kori runduna guda daga Mosul: mutanen gari ba su ɗauki sojan a matsayin nasu ba. Bayan faɗuwar Baghuz a 23 ga Maris 2019 ma, sansanin al-Hol na Siriya, inda aka tara iyalan mayaƙan, ya cika da mutane sama da 70,000, galibi mata da yara, yaran suna tasowa a bayan waya ba makarantar kirki. A Janairun 2022 ISIS ta iya kai farmaki gidan yarin Hasaka aka kwashe kwanaki ana fafatawa.

Mu kuma ba 'yan kallo ba ne a labarin nan. Ana tsakiyar ruwan bama-bamai a Iraƙi da Siriya, a Maris 2015, Abubakar Shekau ya yi wa Baghdadi mubaya'a. Daular ta rushe a can, ISWAP tana nan a Tafkin Chadi tana karɓar haraji a hannun masunta da makiyaya. Faransa ta shekara tara da jiragenta a Mali, daga 2013 zuwa 2022, ta kashe shugabanni da dama, ta tafi ta bar yaƙin ya fi yadda ta same shi faɗi. A ƙauyen Bounti, ranar 3 ga Janairun 2021, jiragenta sun bugi wani taro. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ɗaurin aure ne, fararen hula 19 suka mutu. Faransa ta ce 'yan ta'adda ta kashe, ta tsaya a kan bakanta.

Namu na gida ma mun ga irinsa. Rann, 17 ga Janairun 2017, jirgin sojan samanmu ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira, sama da mutum 100 suka mutu. Tudun Biri a Ƙaramar Hukumar Igabi, 3 ga Disamban 2023, jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi, aƙalla 85 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Waɗannan 'yan ƙasa ne suka yi, waɗanda suka san mene ne Mauludi, suka san ranar kasuwa, suka san cewa a karkararmu babur goma a jere yana iya zama 'yan rakiyar amarya. Ina ga wanda ke kallon allo daga wata nahiya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, baƙo kuwa sai abin da aka gaya masa, kuma mai gaya masan yana iya zama mai rikicin gona da ƙauyen da ya nuna. Duk da haka, a Tudun Biri Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Janar Taoreed Lagbaja, ya taka har garin ya yi ta'aziyya ya ba da haƙuri. Bai dawo da ran kowa ba, kuma har yau akwai tambayoyin da ba a amsa ba, amma akwai wanda aka kama wa riga. Majalisarmu tana iya kiran hafsanmu. Ba ta iya kiran na wata ƙasa.

Ban ce kada a karɓi taimako ba. Bayanan sirri, horo, kayan aiki, toshe hanyar kuɗi da makamai, duk muna buƙata, kuma akwai ranar da jirgi ne kaɗai zai iya ceton gari, kamar yadda ya faru a Kobani, inda akasarin mazauna sun riga sun fice, mayaƙan da ke ƙasa kuma su ne ke nuna inda za a buga. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutanen da suka gaji da jana'iza labarin cewa yaƙin sama tsaf yake, ba ya taɓa kowa sai mai laifi. In za a yi, a fito a faɗa wa 'yan ƙasa wa ke da kalmar ƙarshe kafin a saki bom, mu ko su. Wa zai je wurin washegari ya ƙirga. Kuma in aka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, aljihun wa diyya za ta fito. A sa wannan a rubuce tun kafin jirgi ya tashi, wakilanmu a Abuja su gani, don mutanen Hawija sun nuna mana cewa bayan ya tashi ba a samun mai amsa sallama.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, da naku kason. Duk sanarwar da ta ce "an hallaka 'yan ta'adda da dama", ko daga Abuja ta fito ko daga Washington, kada ku buga ta ku wuce. Ku tura wakilinku inda abin ya faɗa, ya zauna da mai unguwa da liman da masu haƙar kabari. In 'yan bindiga ne suka mutu, ku faɗa mana, mu yi hamdala. In ba su ba ne, ku rubuta sunan mamacin, da na mahaifinsa, da shekarunsa, da ƙauyensu. Shafi ɗaya a wata ya isa wannan aikin, kuma ina da yaƙinin masu karatu a yankunan za su taimaka muku da labari in kun buɗe musu ƙofa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani malamin Larabci,
daga Zariya.